Mazurarin Haliru Mai Bidiyo

Faɗan Inna Ladi da Haliru mai bidiyo a kan akuya aka yi shi, a bakin shagonsa da ke Gwandu, ranar kasuwa, gaban masu cajin waya da mai shayi.

Jikar Ladi ce, Fiddausi, ta haihu, aka kira Haliru ya ɗauki taron suna. Yayar Ladi, Hajara, ta zo daga Maruda da ƙyar, ta zauna a tabarma, aka ɗora mata jaririya a cinya tana yi mata wasa. Wata biyu bayan nan Allah ya yi wa Hajara rasuwa. Da aka yi arba'in, Ladi ta ce a sa mata bidiyon sunan a talabijin ta ga yayarta. Aka sa. Ga Hajara zaune, ga zanenta, ga muryarta, amma fuskar dishi-dishi kamar an shafa kunu a gilashin. A bayanta kuwa akwai wata akuya ɗaure a turke, ta fito garau, har gashin gemunta ana iya ƙirgawa.

Ladi ta miƙe. Mayafinta ta ja ta nufi kasuwa.

“Haliru, fito. Akuya ta aiko ni in yi maka godiya.”

Ya fito yana goge hannu a riga. “Inna, lafiya? Shigo daga ciki mana.”

“Ba ni shiga. Nan zan tsaya kowa shi ji. Yayata ta taso tun daga Maruda da ciwon ƙafa, ta zauna gabanka rabin yini, kai kuma akuya ta burge ka.”

“Inna, rana ce. Rana ta bugi gilashin kyamarar, ban ga…”

“Ranar ba ta bugi akuya ba?”

Mai shayi ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta da ya ga idon Ladi. Haliru ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, abin da ya ce kawai shi ne, “Allah ya jiƙan Inna Hajara. Wallahi ba ni da wani hotonta.” Ladi ta so ya yi gardama don ta samu inda za ta sauke abin da ke ƙirjinta, bai yi ba. Ta juya za ta tafi sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro ta, ya miƙa hannu da ita can nesa kamar mai ba wani, ya ƙanƙance ido kafin ya gane mai kiran. Ladi ta gani. Shekara arba'in ta yi tana sayar da fura da nono a kasuwar nan, kuma mai sayar da nono ba ta rasa ganin abin da mutum ke ɓoyewa. Ta adana abin a ranta, ta wuce.

Ta san Haliru tun yana yawo ba wando. Ubansa mai gyaran rediyo ne, a rumfa ta biyu daga inda take ajiye ƙwaryarta, kuma sau da yawa ita ke dama wa yaron fura ba ta karɓi ko sisi ba, don uwarsa ta rasu da wuri. Haliru bai gaji sana'ar gyaran rediyo ba. Wani mai hoto ya bi zuwa Sakkwato, ya yi shekara shida, ya dawo da wata ƙatuwar kyamara ta kaset da ake saɓawa a kafaɗa. Tun daga lokacin ba a yin suna ko ɗaurin aure ko saukar Alƙur'ani a Gwandu da ƙauyukanta ba a ga Haliru ba, ido ɗaya a manne da kyamara, ɗaya a rufe, yana tafiya da baya bai taɓa taka kowa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa tsofaffi ke sonsa. Sauran masu bidiyo amarya suke bi da 'yan mata masu kwalliya. Shi ma yakan bi su, don su ne ake biya a gani, amma kafin ya tashi sai ya zagaya bayan gida inda tsofaffi ke zaune gindin tukwane, ya durƙusa, ya ce, “Iya, ki ce wani abu.” Su zage shi, su rufe fuska, su ƙare da ba shi labari. Gidaje da yawa a garin nan ba su da muryar kakarsu sai a kaset ɗin Haliru.

Da zamani ya juya kaset ya mutu, ya sayar da gonar da ya gada ya sayi sabuwar kyamara, ƙarama, baƙa, mai ɗaukar hoto da bidiyo duka. Ita wannan in za a yi bidiyo ba a leƙa ta. Wani ɗan gilashi ne a bayanta kamar tafin hannun jariri, a nan ake kallon abin da ake ɗauka, ana murza bakin kyamarar da hannu har fuska ta fito. A ɗaki babu laifi. A tsakar gida da rana kuwa gilashin sai ya zama madubi, ba ka ganin komai sai goshinka. Mutane suka fara ganin Haliru yana lulluɓe kansa da kyamara da babbar riga a tsakiyar taro, yana fitowa jiƙe da gumi. Ana dariya, shi ma yana yi. Amma kira ya fara raguwa.

Sati uku bayan faɗan, Ladi ta sake zuwa shagon, wannan karon da hantsi, ba kowa. Ta zauna a benci ba a ce ta zauna ba, ta kwance bakin zane ta ciro allura da zare.

“Sa mini zaren nan, idona ya ƙi.”

Haliru ya karɓa da murna, yana tsammanin sulhu ne. Ya lashi zaren, ya kai, ya wuce. Ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ya miƙa hannu nesa, ya dawo da shi kusa, ya sake lasa. Ladi na kallonsa har ya gaji ya sauke hannu.

“Kawo,” in ji ta. Ta karɓa, ta laluba da ɗan yatsa, ta zura a karo na biyu. “Ni shekara goma sha biyar ke nan ba ni ganin kafar allura, hannuna ya koya. Kai tun yaushe?”

“Shekara uku, Inna. Ko Sa'adiyya ban faɗa wa ba.” Sa'adiyya matarsa ce. “Na nesa ina gani sarai. Na kusa ne ya tafi. Na sayi tabarau a kasuwa, in na sa ina ganin gilashin amma in na ɗaga kai taron ya zama hayaƙi, ga gumi yana rufe shi, ga rana. Kuma wa zai kira mai bidiyon da anka ce ba shi gani? Na yi magana da wani a Birnin Kebbi, zai sayi kyamarar bayan Sallah.”

“Ka sayar ka yi mi? Gonar ma ka sayar.”

“Allah ba shi hana bawa abinci.”

“Ba shi hanawa, amma ba kai kaɗai ke ci ba. Tsohuwar kyamararka, wadda kake leƙawa kamar ɓarawon kaji, da ita ba ka ɗaukar akuya. Mi ya bambanta?”

Haliru ya tashi ya janyo tsohuwar kyamarar daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. A gefen inda ake sa ido akwai wani ɗan zobe. Ya taɓa shi, ya ga an murza shi har ya kusa ƙarewa. Shi ne ya riƙa murza shi kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, duk lokacin da hoto ya yi masa hazo, bai taɓa kawo wa ransa cewa idonsa ne ke tsufa zoben na rufa masa asiri ba.

“Akwai irinsa da ake ɗaura wa sababbin,” ya ce a hankali. “Na taɓa gani wajen wani a Kalgo. Na ɗauka gayu ne.”

“To ka ji ni. Mu uku uwarmu ta haifa. Hajara ta tafi ba fuska. Saura ni da Bawa, yana Wurogauri, kuma tun damina bai fita kiwo ba. Ina son fuskar Bawa. Jibi za mu, kuma ta Kalgo za mu bi.”

“Inna, in na sake ɓatawa fa?”

“Sai ka sayar da kyamarar da hujja.”

Shagon da suka je a Kalgo na wata mata ne mai suna Mufida, kusa da ƙofar jami'a, tana sayar da kayan waya da na kyamara ga ɗalibai masu shirya wasan kwaikwayo. Da goyo a bayanta ta ciro kwali biyu ta buɗe. Abin baƙi ne, bakinsa ɗaya mai faɗi daidai gilashin kyamara, ɗayan tsukakke da madubi a ciki da roba mai taushi inda ido zai zauna. Mufida ta faɗi sunansa da Turanci. Ladi ta juya shi sama da ƙasa.

“Wanga ai mazurari ne. Da irinsa muke ɗura man shanu a kwalba.”

Daga ranar sunan ya bi shi, har Haliru ma haka yake kiransa.

Mufida ta nuna musu na farko. Yana da ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da gam a bayansa, a liƙa shi kewaye da gilashin, sai mazurarin ya kama shi da maganaɗisu. Ba nauyi, ana cirewa a mayar cikin ƙiftawar ido, kuma shi ɗalibai suka fi saye. Haliru ya ji ya kwanta masa.

“Da mi kika ce ake liƙawa?” in ji Ladi.

“Gam, Kaka. Mai ƙarfi ne.”

“Ɗiyata, kin taɓa zuwa ɗaurin aure a Gwandu da bazara? Takalmin da anka liƙa da gam a ƙofar masallaci yake rabuwa da ƙasansa. Wanga zai faɗo a tukunyar miya ana tsakar ɗauka. Nuna mana ɗayan.”

Mufida ta yi dariya har goyonta ya motsa. Ta ce gaskiya an taɓa dawo mata da biyu saboda haka. Na biyun yana da faranti na ƙarfe da ake ɗaurewa da noti a ƙarƙashin kyamara, a kafar da ake ɗora ta kan ƙafa uku, sannan mazurarin ya zauna a kai. Ya fi nauyi, ya fi wahalar sawa. Sai da Mufida ta sassauta ƙananan notuna biyu, ta ɗaga mazaunin mazurarin sama kaɗan, ta tura shi gefe, har ya zauna daidai bai ci ko gefe ɗaya na gilashin ba. Ta ɗaure da kwabo don ba ta ga sukundireba ba.

“Yana da zobe?” Abin da Haliru ya tambaya ke nan, murya ƙasa-ƙasa.

“Yana da shi, Baba. Na gam ɗin ne ba shi da shi. Da wane ido kake leƙe?”

“Hagu.”

Ta cire robar ta juya ta ta koma ɗaya gefen, ta miƙa masa. Ta ce kada ya kalli hoton tukuna, ya kalli ƙananan rubutun da ke gefen gilashin, ya murza zoben har su tsaya. Haliru ya manna ido. Yatsansa ya tafi a hankali, ya wuce, ya dawo, ya tsaya. Bai ɗago ba. Ya juya kyamarar ya saita ta a kan Ladi, ya murza bakinta, ya daɗe a haka.

“Inna,” ya ce daga bayan kyamarar, “ashe haƙorinki na gaba ya fita.”

“Shekara biyu ke nan, marar kunya. Yanzu ka gani?”

Da ya cire ido, robar ta jiƙe. Ya ce gumi ne. Ladi ta ce ai ta san zafin Kalgo.

Kafin su fita Mufida ta ɗauko wata kyamara daga kan kantar shagon ta nuna musu gilashinta, da wani tabo rawaya a tsakiya kamar ƙunar taba. Ta ce madubin cikin mazurarin yana tara rana wuri ɗaya. In aka bar bakinsa yana kallon sama ko na ɗan lokaci, zai ƙona gilashin. Marfinsa kuma bai zo a kwalin ba, ta duba ba ta gani ba. Haliru ya ce zai kiyaye. Ladi ta lura har lokacin idonsa na kan kyamarar, bai ji rabin maganar ba.

Suka hau babura biyu zuwa Wurogauri, suka isa kafin azahar. Bawa na kwance a tabarma gindin bishiyar bedi, ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, amma bakinsa na nan.

“Ladi, kin kawo mini likita ko mai wankan gawa?”

“Mai ɗaukar akuya na kawo. A kwance duk dabbar da ke kusa a kai ta baya.”

Aka jingina shi da bishiyar. Haliru ya durƙusa, ya dafe mazurarin da ido, sai ya ga kyamarar ma ta daina rawa, don yanzu goshi na riƙe da ita tare da hannu biyu, kamar tsohuwar kyamarar. Ya ce, “Baffa, ka ce wani abu.” Bawa ya ce ba shi da abin faɗi. Daga nan ya kama sunayen shanun ubansu ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da suka ƙetare gulbi da su ruwa har wuya, da yadda Hajara ta ɗauki Ladi a kafaɗa, Ladin tana kuka tana cewa an bar ƙwaryarta a tsallake. Ladi ta ce ƙarya ne, ba ta yi kuka ba. Suka yi ta musu, Haliru na ɗauka.

Aka kira salla. Haliru ya ajiye kyamarar a kan turmi, bakinta ƙasa don kada ƙura ta shiga, ya tafi alwala. Ladi na dama fura ta ɗaga kai ta ga mazurarin tsaye, yana kallon rana tsaka kamar buɗaɗɗiyar kwalba. Ba ta tsaya kira ba. Faifan da ke rufe da ƙwaryar nono ta fizga, ta taka da gwiwar da ba ta son gudu, ta kifa a kai.

Da ya dawo ya duba, akwai ɗan tabo a kusurwar gilashin, bai fi ƙwayar gero ba. Ya dafe kai.

“Ya shiga hoton Bawa?” in ji ta.

“A'a, Inna. A gilashin kawai yake. Ni kaɗai zan riƙa ganinsa.”

“Madalla. Ka riƙa ganinsa.”

Da suka dawo Kalgo suka shiga motar Gwandu, a hanya ta auna bakin mazurarin da zare. Bayan kwana biyu ta kawo masa ɗan marfi da ta saƙa da kaba, irin saƙar faifan rufe nono, ja da baƙi, da igiyar fata da za a ɗaure shi a jiki don kada ya ɓata. Ya zauna cif.

Ranar da ya kawo bidiyon Bawa gidan Fiddausi, a bakin ƙofa ya tsaya, ya ƙi zama. Aka kunna. Bawa ya cika talabijin, da tsagen fuskarsa, da tabon da saniya ta yi masa a gira, da furfurar da iska ke kaɗawa, bishiyar da ke bayansa ce ta yi hazo. Ladi ta matsa har gaban gilashin ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar farko. Sai a karo na biyu ta juya.

“Mutumin Birnin Kebbi fa?”

“Na ce masa na fasa.”

Bawa ya rasu kafin kaka. Jikokinsa a Wurogauri duk suna da shi a waya, kuma har waɗanda ba su taɓa kiwo ba sun haddace sunayen shanun.

Haliru ya ƙara shekara shida yana aiki. Kira ya dawo, ba kamar da ba, don yanzu kowa na da waya, amma duk gidan da ke da tsoho shi suke nema. Ya daina ɓoye zancen idonsa. In sababbin masu bidiyo suka yi wa marfin kabarsa dariya, sai ya nuna musu ƙwayar geron da ke kusurwar gilashi. Marfi uku Ladi ta saƙa masa, don na farko akuya ta cinye a wani suna a Maruda, abin da Ladi ta ce dama tsakaninsu akwai tsohuwar amana. Bara, bayan ƙaramar Sallah, ya kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Haliru, ya sa ya huta.

Ganinsu na ƙarshe da Ladi da azumi ne, da safe. Ya shigo gidanta da sallama, kyamara a wuya, ya ce ya duba kayan aikinsa na shekara talatin ya ga kowace tsohuwa a Gwandu na ciki ban da ita, don duk lokacin da ya zagayo bayan gida sai ta kore shi da muciya. Ta ce ba ta yi wanka ba. Ya ce zai jira. Ta shiga, ta fito da zanen da Hajara ta bar mata, ta sa kwalli, ta zauna a kujerar tsakar gida. Ya durƙusa da ƙyar, don shi ma gwiwa ta fara, ya cire marfin ya bar shi yana lilo, ya manna idon hagu. Ta ga yatsansa ya je kan zoben, ta ga ya kusa kai shi ƙarshe.

“Iya, ki ce wani abu,” in ji shi.

Ta waiga bayanta ta tabbatar ba dabba a turke, ta gyara zama.

“Ka murza da kyau, ɗan nan, kada ka yi sauri, ba inda za ni. Ina son jikokin Fiddausi su ga har giɓin. In ka gama kuma ka rufe mazurarin kafin ka tashi, rana ta fara hawa.”